Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin kulob-kulob da masu kula da filayen ƙwallo, kan na'urar duba tikiti a bakin get

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Da fatan kuna lafiya, ya aiki ya fama da jama'a. Ni mai gyaran waya ne a PZ, nan Sabon Garin Zariya, ba ɗan jarida ba ne kuma babu wanda ya turo ni. Na fara da faɗin sana'ata ne don kar wani ya karanta ya ce ai irin mutanen nan ne masu gudun zamani, da sun ga na'ura sai tsaki. Ni da na'ura muke kwana muke tashi, a jikinta nake samun na cefane, toh in na yi ƙorafi a kanta ku san ba daga nesa nake hango ta ba.

Abin da ya sa nake wannan dogon rubutu, abin da ya same mu ne ni da kawuna da ƙanena a bakin get ɗin wani filin wasa wata Lahadi da ta wuce. Ba zan kama sunan filin ba, ba zan kama sunan kulob ba, ba tonon silili ya kawo ni ba. Na haɗa ku duka ne saboda na ga hankalin kowa ya karkata ga tikitin waya, kuma kun san dai in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta me ake cewa ka yi wa naka.

Kawu ya haura sittin. Tun zamanin Ranchers Bees ta Kaduna yake bin ƙwallo, har yau in ka taɓo masa 1988 da suka je wasan ƙarshe na kofin kulob-kulob na Afirka (Cup Winners' Cup) 'yan Bizerte na Tunisiya suka ƙwace musu, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ba ka labari kamar jiya aka yi. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, kira da rediyo, shikenan, kuma ya ce ta ishe shi. Don haka ranar Alhamis ni na sayi tikiti uku a wayata, na yi tiransifa kuɗi suka fita, aka turo min hotuna uku na wannan zanen mai kama da gidan dara, QR. Na nuna masa ya daɗe yana kallo ya ce "yanzu ɗan nan wannan ɗige-ɗigen shi ne tikitin?" Na ce shi ne Kawu, ai yanzu an wuce zamanin turereniya, kana zuwa ƙit za ka ji ka shige. Wallahi har da alfahari na faɗa.

Ranar Lahadi da hantsi muka hau mota a Kwangila. Mun isa da wuri, muka ci abinci, muka yi azahar, muka zauna a inuwa muna jiran la'asar kamar kowa. A nan ne abu na farko da nake so ku duba, don ban taɓa jin wani a cikinku ya ambace shi ba. Ƙarfe huɗu ake take wasa, la'asar kuma tsakanin uku da rabi zuwa huɗu ake yinta gwargwadon lokacin shekara. A cikin fili babu wurin alwala na kirki babu inda mutum zai shimfiɗa darduma, kuma in ka shiga ka fito na'ura ba za ta sake karɓarka ba, toh wa zai shiga ƙarfe biyu ya zauna a rana ya rasa sallah? Kowa sai ya jira a waje, ana sallamewa sai dubban mutane su tashi lokaci ɗaya su nufi get, saura minti sha biyar ko ashirin a fara. Wanda ya ƙera na'urar can ƙasarsu bai san da wannan ba, amma ku ai kun sani, tare muke bin sahu.

Da muka iso, ƙofa biyu ce kawai a buɗe a ɓangarenmu, kowace da ƙarfen nan mai juyawa da wani saurayi riƙe da sikana a hannu. Layi ya tafi lafiya lau na ɗan lokaci, sai ya fara tsayawa. Wani a gabanmu sikirin ɗinsa ya tsage kamar gizo-gizo ya yi saƙa, aka haska aka haska shiru. Wani hasken wayarsa a ƙasa yake don cajinsa ya kusa ƙarewa, ga rana tana dukan gilashin kai tsaye, shi bai san inda ake ƙaro haske ba shi ma yaron get ɗin bai sani ba, ni na miƙa hannu ta saman kafaɗar mutum biyu na ƙaro masa. Wani kuma sai da ya zo bakin ƙarfe sannan ya fara neman saƙon a WhatsApp, hoton bai sauko ba, netwok yana ta juyawa, kuma ba laifinsa ba ne, duk inda mutum dubu goma suka taru da wayoyi a ƙarƙashin ƙarfen sabis ɗaya ko biyu to data sai dai haƙuri, ko a filin idi haka ne.

Aka zo kanmu. Na farko ya yi kore, ƙanena ya wuce. Na biyu na Kawu ne, yaron ya haska, na'urar ta tsaya tana tunani, ya ga shiru ya sake haskawa, sai ga ja. Wai an riga an yi amfani da shi. Na ce malam kai ne ka haska sau biyu, na farkon ya shiga daga baya, na biyun ne ya nuna maka ja, duba lokacin da ta rubuta za ka ga yanzu-yanzun nan ne. Ya ce shi dai an ce masa in ta yi ja kar ya bar kowa. Na nuna masa alat na banki, na nuna masa tikiti uku a jere da lambobinsu suna bin juna, ya ce "oga ni ba ni da ikon komai, na'ura ce." Gaskiyarsa ne kuma, ban ga laifinsa ba, yaro ne da bai wuce sa'an ƙanena ba, gumi ya jiƙa masa riga, ana zaginsa ta ko'ina, da alama ranar aka miƙa masa abin aka ce kore shiga ja koma. Na ce toh ina wanda yake da iko? Ya waiga hagu ya waiga dama. Babu.

Mu kuma ba halin komawa baya, don bayanmu ya toshe. Duk wannan musun da bai fi minti uku ba, mutanen baya ba su san me ake ciki ba, su dai sun ji an busa usur a ciki, sun ji ihu, sai turi ya fara zuwa kamar igiyar ruwa. Ina kallo ƙirjin Kawu ya haɗu da ƙarfen nan, ƙarfen kuma a kulle yake ba ya juyawa sai an yi kore. Hularsa ta faɗi, ya buɗe baki yana neman numfashi bai ce komai ba, idonsa kawai nake gani. Na sa bayana na tokare na dafa bango da hannu biyu ina cewa jama'a akwai dattijo, akwai dattijo, wa zai ji ka. A daidai lokacin sikanar ɗaya ƙofar ta mutu, caji ya ƙare, sai layin can ma ya karyo kanmu. Fawa bank ɗina da na zo da shi don wayata shi aka karɓa aka jona mata, kun ji fa, ɗan kallo ne ya ba filin wasa wuta.

Abin da ya fi ƙona min rai, muna cikin wannan halin sai ga jiniya, aka buɗe wata ƙofa ta gefe, wani babba ya shige da motoci uku da yaransa sun fi ashirin suna bin mota a guje, babu wanda aka haska wa ko tocila balle sikana. Mutane suna gani. Daga nan ne masu haƙuri ma suka daina haƙuri.

Ƙarshenta me aka yi? Da jami'an tsaro suka ga abin zai zama wani abu sai suka zare sakatar babbar ƙofa, kowa ya kwarara ciki, mai tikiti da marar tikiti da mai tallan fiya wata. Na gode wa Allah da suka buɗe, da ba su buɗe ba ban san me zan je na faɗa a gida ba. Amma ku duba lissafin, an sayi na'ura don a hana shigar banza, an wahalar da waɗanda suka biya, sannan waɗanda ba su biya ba sun shiga a ɓagas. Mun zauna an ci minti ashirin da wani abu, Kawu da takalmi ƙafa ɗaya.

Kar ku ɗauka cewa nake a koma gidan jiya. Na san gidan jiya. Na san yadda ake karɓar tikitin takarda a get ba a yaga shi ba, a zagaya da shi ta baya a sake sayarwa, tikiti ɗaya ya shigar da mutum biyar. Na san a shafa wa na bakin ƙofa ɗari biyu ya kau da kai. Fili ya cika maƙil har kan katanga amma in aka zo lissafi kuɗin da ya shiga asusun kulob ko man motar zuwa wasan waje ba zai saya ba, 'yan wasa kuma suna bin bashin albashi. Na'ura tana maganin wannan, kuma tana gaya muku mutum nawa ne a ciki don kar a wuce abin da fili zai ɗauka. Ina so ta zauna. Abin da nake cewa shi ne ita kalma biyu kawai ta iya, kore da ja, kuma duk shirinku na kore ne, babu wanda ya zauna ya yi tunanin ina mai ja zai dosa alhali mutum dubu na bayansa.

Ku tuna zaɓen 2015 da aka fara kawo kad rida, na'urar tantance katin zaɓe. Shugaban ƙasa mai ci a lokacin, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke na'urar ta ƙi karanta shi, duniya na kallo a talabijin. Amma ko a lokacin an tanadi fom da ake cikewa in na'ura ta ƙi mutum. Ku tuna farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, yadda tiransifa ke maƙalewa, an cire maka kuɗi mai shago bai ga alat ba ku tsaya kuna kallon juna. Duk wanda ya rayu a ƙasar nan ya san netwok ba abin da za ka jingina ran mutum a kansa ba ne.

Kuma ba mu kaɗai ba, kar wani ya ce ai halin ɗan Najeriya ne rashin bin layi. Waɗanda suka fi mu kuɗi da wuta da netwok abin ya ci su. Ranar 28 ga Mayu 2022 muna gidan kallo a Tudun Wada muna jiran wasan ƙarshe na Champions League, Liverpool da Real Madrid a Faris, aka yi ta ɗaga lokaci har minti 36, muna ta zagin mai gidan kallo muna zaton dish ɗinsa ne. Ashe a waje magoya bayan Liverpool ne dubbai aka matse a bakin ƙofofi, an rufe wasu get, 'yan sanda na fesa musu barkonon tsohuwa har da yara da mata, da yawansu da tikitinsu na gaskiya a hannu. Hukumomin Faransa suka fito suka ce mutum dubu 30 zuwa 40 ne suka zo da jabu ko babu tikiti, daga baya jabun da aka ƙirga a na'ura bai kai 3,000 ba, kuma binciken da aka fitar a Fabrairun 2023 ya ɗora babban laifin a kan hukumar ƙwallon Turai, UEFA, kanta. A Qatar ma a gasar kofin duniya ta 2022, ranar wasan Ingila da Iran, tikitin mutane ya ɓace daga manhajar waya suna tsaye a bakin fili, wasu sai da aka fara wasa suka shiga.

Waɗannan an tsira da rai. Na Kamaru ba a tsira ba. Ranar 24 ga Janairu 2022, gasar kofin Afirka, Kamaru da Komoros a filin Olembe na Yawunde, mutum 8 suka mutu a turereniyar bakin ƙofa, shugaban hukumar ƙwallon Afirka CAF, Patrice Motsepe, da bakinsa ya ce akwai ƙofar da ya kamata a ce a buɗe take aka same ta a rufe. Kawu kuwa a mota muna dawowa, yana dafe da haƙarƙari, turereniyar filin wasa na Hillsborough da ke Ingila ya tuno min, ya ce a rediyo ya ji shi a 1989. Na zo na duba, magoya bayan Liverpool 10,100 masu tikitin tsaye aka ware wa ƙarfen shiga guda 7 kacal, waje ya cushe, aka buɗe babbar ƙofa don a rage matsi, mutane suka kwarara wuri ɗaya, rai 97 ya tafi sanadin wannan rana. Babu sikana a lokacin, amma ku sake karanta yadda abin ya faru ku gwada da abin da na ba ku labari a sama, ƙofa kaɗan, cunkoso a waje, a buɗe babbar ƙofa a firgice. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Su Ingila bayan sun sha wannan ɗacin suna da ƙa'ida a rubuce, ba a lissafa wa ƙofa ɗaya fiye da mutum 660 a awa, wato mutum 11 a minti, kowa daƙiƙa biyar da 'yan kai. Wannan fa in komai na tafiya daidai kenan. Toh ku ɗauki biro, a ce kuna sa ran mutum 15,000 kuka buɗe ƙofa huɗu, awa ɗaya mutum 2,640 za su shiga, kafin a gama an haura awa biyar da rabi. Ku kuma kuna so su shige tsakanin sallame la'asar da busa usur. Ko aljani ne ke riƙe da sikanar ba zai iya ba. Kuma duk mutum ɗaya da aka tsaya musu da shi na minti uku kamar mu, mutum talatin da wani abu ne suka taru a baya.

Don haka roƙona na farko, wanda in shi kaɗai kuka ɗauka ma na gode, ku ajiye tebur a gefen kowace ƙofa, da hanyar da mutum zai zame ya fita daga layi ba sai ya koma baya ba, a zaunar da babban ma'aikaci mai ikon yanke hukunci, da jerin tikitin da aka sayar a kwamfuta ko ma a takarda. Na'ura ta yi ja, malam bi nan, na baya ya matso. A can za a duba lambar waya da alat da lokacin da aka haska, in kuskuren na'ura ne a shigar da shi, in ɗan damfara ne ga 'yan sanda nan. Bakin ƙarfe ba wurin shari'a ba ne.

Sauran kuma abubuwa ne da duk yaron shagona zai gaya muku. Sikana ba ta buƙatar intanet a kowane haskawa, ana iya sauke mata jerin tikitin gaba ɗaya tun da safe ta riƙa dubawa a cikinta, ku tambayi wanda ya sayar muku in tasa ba ta yin haka ku mayar masa da kayarsa. A yi rumfa a kan get don rana ta daina kashe sikirin, a cika caji a ajiye na canji, a sa mutum biyu da lasifika suna bin layi tun daga nesa suna cewa kowa ya buɗe tikitinsa ya ƙaro haske kafin ya iso. A koya wa yaran nan aikin kwana biyu kafin wasa, a biya su haƙƙinsu kuma, don wanda ba a biya ba shi ne zai haska wa abokinsa iska ya ce wuce.

Sai maganar sikirinshot, wadda ita ma na gani da idona. A wajen fili akwai yara suna sayar da hoton tikiti rabin kuɗi, hoto ɗaya a tura wa mutum goma. Ita na'ura wanda ya fara isowa shi ta sani, ko shi ne ɓarawon, mai tikitin gaskiya in ya zo daga baya shi zai ga ja. Wasu kuma su suke jawo wa kansu, mutum ya sayi tikiti don murna ya ɗora a sitatus kowa ya gani, dan Allah 'yan'uwa masu kallo ku daina, kamar ka ɗora hoton katin waya ne ba ka loda ba. A Turai akwai masu amfani da lambar da ke canzawa duk bayan 'yan daƙiƙu, hoto ba ya aiki, amma wannan sai babbar waya, kuma a nan nake so ku yi hattara. Masu cika muku fili ba 'yan iPhone ba ne. 'Yan acaba ne da 'yan kasuwa da leburori da ɗalibai da dattawa irin Kawu, da yawansu wayar tocila ce a aljihunsu, wani ma babu. Ku bar musu tikitin takarda mai ɗauke da QR ɗin, a sayar a shagunan POS na unguwa tun ana saura kwana uku, na'ura ɗaya ce za ta karanta duka, takarda kuma ba ta mutuwar caji ba ta tsagewar sikirin. Da haka ne ma da Kawu ya riƙe nasa a hannu, ba sai mun jeru mu uku a bayan waya ɗaya ba.

Ku buɗe ƙofofi tun ƙarfe ɗaya, duka ba biyu ba, ku sa tankin ruwa da tabarmi a wani lungu a ciki ku ga in mutane ba su shigo da wuri sun yi la'asar ɗinsu a nan ba. Manya kuma ranku ya daɗe, ba mu ce kar a girmama su ba, a ba su ƙofarsu, amma a ƙirga 'yan rakiya a haska musu kamar kowa, ko ba don kuɗin ba don idon talakan da ke matse a layi yana kallo.

Fawa bank ɗina dai bai dawo ba, na yafe. Kawu mun kai shi kemis a Tudun Wada washegari, aka ce buguwa ce babu karaya, kwana huɗu yana sallah a zaune. Jiya na je gaishe shi na ce Kawu akwai wasa sati mai zuwa fa, in sayo uku? Ya ɗago wayarsa mai tocila ya nuna min ya ce "sayi biyu ɗan nan, ni tawa tana kama rediyo."

Ni zan je in sha Allahu, kuma teburin nan zan fara dubawa.

Wassalam, naku
Mai gyaran waya, PZ, Sabon Gari, Zariya